Malam Edita, a tuna da masu zanen katun

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki, ya haƙuri da mu masu karatu. Daga Damagaram nake rubuto maka, kuma ba maganar siyasa ce ta kawo ni ba, ba ta tsadar hatsi ba, waɗannan kullum akwai masu rubuto muku su. Ni maganar masu zane na zo da ita, masu zana katun, ko desan anime kamar yadda muke cewa a nan, da kuma masu zana labari a takarda gida-gida da magana a cikin ɗan kumfa a saman kan mutum, wato bede.

Na san wani zai karanta ya ce ji wannan, babba da shi har da gemu ya zauna yana rubuta ma jarida wasiƙa kan abin yara. To ya faɗa ɗin. Amma ka shiga kowace unguwa a garin nan, Birni ko Zango ko Sabon Gari ko Garin Malam, duk gidan da akwai tele ko waya mai ɗan girma sai ka tarar da yara sun haɗa kai suna kallon katun, uwa ma in tana son ta samu ta gama tuwo lafiya shi take kunna musu, kuma ba yara kaɗai ba, ka je fada da dare ka ji samari masu shirin bak suna musu kan Naruto da Goku wa zai kada wani, musu na gaske har shayi ya ƙone a kan wuta. Kowa na kallo. Amma ka tambaya wa ya zana, shiru. Mawaƙi mun san shi, ɗan wasan Kannywood mun san shi har mun san ranar da ya yi aure da ranar da ya saki, ɗan kokowa mun san garinsu da sunan bokansa in ji masu faɗa, amma mutumin da ya sunkuya shekara da shekaru a kan tebur har bayansa ya lanƙwashe don mu yi dariya, ko sunansa ba mu tsayawa mu karanta, da rubutun ƙarshen fim ya fara hawa sai a canza tasha.

Mutane da yawa gani suke na'ura ce kawai ke yin abin. Bari in ɗan yi lissafi yadda kowa zai gane. Fim na tafiya ne da hoto 24 a cikin daƙiƙa guda, su masu katun na hannu sau da yawa sukan zana 12 su nuna kowanne sau biyu don a rage wahala. To 12 a daƙiƙa, minti ɗaya ya zama zane 720 kenan, minti goma 7200, in fim ne na awa ɗaya da rabi an haura dubu 60, kuma kowane zane dole ya bambanta da na gabansa da ɗan kaɗan, hannu ya ɗaga kaɗan, ido ya rufe kaɗan, bakin riga ya kaɗa, in aka yi kuskure a guda sai motsin duka ya yi tsalle ido ya gane. A da can a kan wata leda mai garai-garai ake zana mutanen a shafa fenti ta baya, a ɗora a kan zanen wuri wanda shi sau ɗaya ake yinsa, a ɗauki hoto, a cire a ɗora na gaba, haka har a gama. Da irin wannan aikin kamfanin Disney ya fitar da dogon fim ɗinsa na farko a 1937, kuma ɗaruruwan masu zane ne suka yi shekaru a kansa. Kyanwa da ɓeran nan da babu wanda bai san su ba, Tom da Jerry, tun 1940 William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro su a Amurka, sun ci kyautar Oscar har bakwai, kuma ka lura kusan ba sa magana, duk abin a motsi yake da kiɗa, shi ya sa kaka da ba ta taɓa shiga lakkwal ba za ta zauna da jikokinta ta yi dariya har da hawaye ba ta buƙatar tafinta. Ni a wurina nan gwanintar take, a sa ka gane kyanwa ta ji kunya ko ɓera na shirya mugunta daga yadda aka karkata gira kawai.

Yanzu an koma kwamfuta, gaskiya ne, tun 1995 da aka yi dogon fim na farko da ita gaba ɗaya. Amma kwamfuta ba ta san yadda tsoho ke tashi daga tabarma ba, sai ya dafa gwiwa ya yi ɗan nishi, mutum ne ya kalla ya riƙe a kansa ya koya mata.

Abin da ya fi ci min rai, Malam Edita, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan, shi ne in ana lissafin waɗanda suka fara katun a Afirka ta kudu da Sahara sunan ɗan Nijar ne a gaba, kuma yaranmu ba su san shi ba. Marigayi Moustapha Alassane nake nufi, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a 1942, makanike ne tun farko, ba wata makarantar zane ya yi ba, shi ya koya ma kansa, tun yana yaro yake zana hotuna yana haska su da fitila yana tara jama'a suna kallo. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai yin fim, daga nan hanya ta buɗe masa ya je Kanada wurin Norman McLaren, wani gwani da har a kan ledar fim ɗin kanta yake zane ba tare da kyamara ba. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, a 1966 ya yi Bon Voyage Sim, kuma wannan na biyun dan Allah duk wanda bai gani ba ya nema, 'yan mintoci ne kawai. Labarin wani kwaɗo ne shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, ga jirgi ga soja sun jeru ga fareti ga taken ƙasa ga manya na ta kumbura wuya, duk kwaɗi, zane ne baƙi da fari mai sauƙi, layi kaɗan, amma ka gama kallo ka san da wa ake. Ka tuna shekara shida kacal da samun 'yancin kai a lokacin, kowa na tsoron buɗe baki, shi kuwa ya ɗauki alƙalami ya mai da masu mulki kwaɗi, kuma har yau in aka nuna tarbar wani babban baƙo a Télé Sahel ko wata tashar sai kwaɗin nan su faɗo min a rai.

Bai tsaya nan ba. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana masu launi, irin aikin da za ka gyara hannun 'yar tsana kaɗan ka ɗauki hoto, ka sake gyarawa ka sake ɗauka, yini guda ka samu 'yan daƙiƙoƙi. Daga baya ya yi Kokoa, kokowar gargajiya irin tamu ta takobi amma dabbobi ne a fili, kwaɗo da hawainiya da sauransu, da makaɗa da 'yan kallo da komai, wanda duk ya taɓa zama a filin kokowa zai gane cewa mai wannan aikin ya san kirari ya san yadda ɗan kokowa ke zagaya abokin karawarsa kafin ya kama. Kuma mutumin nan bai gudu Faransa ya zauna ba, a Tawa ya yi zamansa yana aikinsa da abin da ya samu a hannu, har ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. A 2024 hukuma ta sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai wadda a da ake kira CCFN Jean Rouch, abu ya yi kyau mun yaba, amma suna a bango ba ya nuna ma yaro fim. Sau nawa aka haska finafinan nan a gidan matasa na Damagaram, ko a jami'ar André Salifou, ko a wata lise? Turawa na gyara su suna nunawa a manyan bukukuwan fim a ƙasashensu, mu da muke da gadon ko a waya ba mu tura ma juna.

Mu da muka ɗan kwana biyu a duniya da takarda muka fara. Mujallun bede na Kouakou da Calao da ake rabawa a lakkwal, sai ƙananan littattafan nan na Zembla da Akim da Blek da ake musaya har bango ya cire shafin ƙarshe ya ɓata ka ƙarasa labarin da kanka, sai Tintin da Lucky Luke da Asterix ga wanda ya samu shiga ɗakin karatu. Da yawanmu Faransancin da muka iya ba a littafin nahawu muka same shi ba, a cikin kumfar maganar nan ne, don hoto ya riga ya gaya maka abin da ke faruwa kalmar sai ta zauna da kanta. Ba duka ne masu kyau ba, yadda Hergé mai Tintin ya zana baƙar fata a littafinsa na Kwango abin haushi ne, leɓe kamar me, hankali babu, kuma wannan ma darasi ne, in ba ka zana kanka ba wani zai zana ka yadda ya ga dama.

Na Japan kuwa su suka kwashe yaran yanzu. Ba na ganin laifinsu, masu zanen can aiki suke kamar ba gobe, mai manga, wato beden Japan, da ke fita a mujallar mako sai ya miƙa shafi kusan ashirin duk sati shekara da shekaru. Da Akira Toriyama mai Dragon Ball ya rasu a watan Maris na 2024 na ga samarin garin nan suna saka hotonsa a status, na ji daɗi don ko ba komai ranar an san akwai mutum a bayan zanen. Mu kuma namu na lokacin Olive et Tom ne, katun na 'yan ƙwallo, filin ƙwallon nan da ba ya ƙarewa, ɗan wasa ya taso da ƙwallo yau sai jibi zai hango raga, muna ta dariya ashe dabara ce ta masu aikin, a maimaita zanen fili a ja lokaci a rage kuɗi. Kirikou ma da ya fito a 1998 babu yaron da bai haddace shi ba, Michel Ocelot Bafaranshe ne da ya yi yarintarsa a Gine, Youssou N'Dour ya yi kiɗan, zanen itatuwa da ƙauyen ya yi kyau ƙwarai ba ƙarya. Amma 'yan Kodibuwa ba su tsaya jiran Bature ba, tun 1999 suke da jaridar barkwanci ta zane mai suna Gbich, Marguerite Abouet ta rubuta labarin unguwarsu Yopougon a bede ya zaga duniya har ya zama fim a 2013. A Najeriya akwai katun na Bino da Fino na Adamu Waziri. Mu fa?

Ba wai babu masu hannu ba ne. Duk ajin da ka shiga a garin nan akwai yaro guda da bayan kayensa cike yake da zane, ya zana mushe, wato malamin aji, da bulalarsa, ya zana ɗan kabu-kabu ya ɗauko mace da buhu da akuya, 'yan aji na ta miƙa ma juna a ƙarƙashin tebur suna ƙunshe dariya. Me ke faruwa da shi? A kama shi a zane shi, a gida a ce yana ɓata kaye da bik da aka saya da kuɗi, ya girma ya bari, in ya dage ƙwarai ya ƙare a rubuta allon shago, ya zana kawunan aski a bangon mai aski ko kaza da kifi a gaban gidan abinci ko zaki a bayan babbar mota, a ba shi jika biyu a ce ai ba wani aiki ba ne minti nawa ka yi. Ba raina wannan sana'ar nake ba, wallahi wasu allunan sai ka tsaya a hanya kana kallo, amma hannun da ya iya wannan ya iya fiye da haka in da ya samu inda zai kai. Kuma mu ba baƙin zane ba ne a Damagaram, ka zaga cikin Birni ka kalli fuskar tsofaffin gidaje yadda magina suka yi musu ado, ka kalli aikin dukawa a jaka da takalmi da fatar matashi, ka kalli aska a gaban babbar riga da zanen lalle a hannun amarya. Idon yana nan tun kaka da kakanni.

Akwai maganar addini, ba zan tsallake ta ba don na san ita ce ke hana iyaye da yawa, hukuncin zana abu mai rai. Wannan fagen malamai ne kuma sun yi magana a kai, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa musamman a abin koyar da yara, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da kawai zan ce, gidan da aka hana yaro zane a kaye a nan ne kuma aka bar masa tele yini guda yana kallon zanen wasu da tarbiyyar wasu.

Sai kuma wata ɗabi'a da muke da ita a WhatsApp da Facebook wadda ke ba ni haushi. Mutum ya ga zanen barkwanci mai kyau, misali irin na Mustapha Bulama da ke zana ma Daily Trust a Najeriya, wanda da hoto guda yakan faɗi abin da mai sharhi zai cika shafi bai faɗa ba, sai ya yanke gefen da sa hannun mai zanen yake, wani ma ya manna sunan shafinsa a kai, ya tura. Zanen ya zaga gurup dubu babu wanda ya san mai shi. In waƙa ce aka cire sunan mawaƙi aka sa na wani ai rigima za a yi har rediyo. Yanzu kuma ga na'urar nan ta AI ta zo, kowa ya rubuta mata layi biyu ta fito masa da hoto ya ce shi ma mai zane ne, alhali da aikin masu zane na gaskiya aka ciyar da ita ba a tambaye su ba ba a biya su ba. Ka ce ta zana maka Bahaushe ka ga abin da za ta kawo, rawani ba irin namu ba, hula ba a san ta wace ƙasa ba ce, gari kamar na Larabawa. Yaron da ya tashi a bakin kasuwar Dole ya san yadda mai tallan goro ke ɗaura zaninta da yadda dillali ke riƙe baki in yana ƙarya, wannan ba a intanet yake ba.

To ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Ku ware kusurwa guda a jaridarku, ko rubu'in shafi ne, duk fitowa a sa zanen labari da Hausa, gida uku ko huɗu, a rubuta sunan mai zanen ɓaro-ɓaro a ƙasa, kuma a biya shi. Wannan na ƙarshen na ja masa layi, don mun saba da cewa zo mu tallata ka, talla ba ta sayen takarda da tawada balle ta sayi shinkafa. Ko kaɗan ne a ba shi a kan lokaci ya san aiki ne. Ku buɗe gasa ma in da hali, yara da samari da 'yan mata su ɗauki hoton zanensu da waya su turo daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da Kano da Katsina, za ku sha mamakin abin da zai shigo. Kuma lokaci-lokaci ku yi hira da mai zane kamar yadda kuke yi da 'yan fim, a ga fuskarsa a ji yadda yake aiki.

Labarin da za a zana kuwa ba ya ƙarewa. Gizo da Ƙoƙi kaɗai sun isa shekara goma. Ga tarihin garin nan, Sarki Tanimun da ganuwarsa da igwoyin da aka ƙera a nan, ga Amadu Kuran Daga da abin da ya faru da hafsan sojan Faransa Cazemajou a 1898 da yaƙin Tirmini a 1899, ga Sarauniya Mangu a Lugu, duk yaro ya haddace su a lakkwal don jarrabawa ya manta, amma a zana masa dawaki da lifidi da ƙura ta tashi ka ga ko zai manta. Ga wasan kara da mu Damagarawa muka shahara da shi, inda talaka ke shiga kamar gwamna ko minista ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa a gabansa kowa na dariya har shi mai mulkin, ai mai zanen barkwanci abin da yake yi kenan da alƙalami, ba baƙon abu za a kawo mana ba. Kuma tunda a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, sai a tambaya me yaro zai karanta da ita don jin daɗi ba don dole ba, in babu irin waɗannan littattafan.

Masu cewa ba mu da kayan aiki, a da ne wannan uzurin ke ci. Yau akwai manhajojin zane irin su FlipaClip da Ibis Paint a waya, akwai Krita da Blender a kwamfuta kyauta ba ko dala, kuma fim ɗin da ya ci Oscar na katun a 2025, Flow, da Blender ɗin nan aka yi shi, 'yan ƙasar Latbiya ne da yawan jama'arta bai kai miliyan biyu ba, jihar Damagaram kaɗai ta ninka su. Matsalar wuta da tsadar intanet gaskiya ne suna nan ba na musu, sai dai bede ta jarida ba ta buƙatar ko ɗaya, farar takarda ce da fensir da baƙin bik da wanda zai buga.

In kun buɗe kusurwar nan ku sanar da wuri, akwai matasa a unguwarmu da na san kayensu cike yake, ni da kaina zan bi su fada-fada in gaya musu su turo. A gaida duk ma'aikata, Allah Ya ƙara basira.

Naku mai karatu a kullum,
daga unguwar Birni, Damagaram